Fim ɗin Hindatu

Gab da magariba Muhyiddeen, ɗan ƙanwata, ya tsaya da babur a ƙofar shagona a Gaya. Na daɗe ina ɗaukar hoto kafin waya ta kashe sana'ar. Uwarsa Hindatu ta rasu wajen haihuwarsa, bai san fuskarta ba. Hotonta ɗaya ne a duniya. Na ɗauke ta a gindin tsamiyar hanyar Kademi tana da cikinsa, na wanke fim ɗin, amma ban taɓa fitar da hoton a takarda ba.

Ya dire kwali, ya ciro kwamfutar cinya da wani tsohon inji da ya sayo a Kano. Wai sikana, mai mai da fim hoto.

"Kawu, kawo fim ɗin."

"Ba na bayarwa. Ba ita kaɗai ce a ciki ba."

"Tun ina yaro kake yi mini rowar uwata."

Ya ture ni, ya ɗauko gwangwanin da nake ajiye fim ɗin da kansa, ya zura fim ɗin a injin.

Bakin wayar injin mai faɗi ne, ya ƙi shiga kwamfutar. Ya laluba aljihu ya ciro ɗan mahaɗi, ya jona. Kwamfutar ta ƙi sanin injin. Ya cire, ya hura, ya mayar, yana tsaki. Na so ta ƙi har abada.

Aka kira salla. Na ce ya tashi. Ya ce in je.

Nan injin ya kama. Ya yi kuka siriri, wuta ta fara rarrafe a cikinsa.

A fim komai a juye yake. Farar riga baƙa take fita, fuskar mutum fara fat. Amma akwai wani dogo tsaye bayan Hindatu, shi fuskarsa baƙa ce a fim. Ranar da na ɗauka kuwa babu kowa a bayanta.

Hoton ya fara sauka a allon, daga sama, kaɗan-kaɗan. Rassan tsamiya. Sai kan dogon, don ya fi ta tsawo nesa. Kwamfutar ta juye shi, ya fito fari kamar toka.

Shagon ya ɗau sanyi. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shi, alhali damina ta wuce.

Idon dogon ya juya. Muhyiddeen yake kallo.

"Kashe abin nan," na ce a hankali.

"Saura kaɗan. Ga ɗankwalinta."

Hannunsa na kan injin. Na ja, ya ƙi ɗaguwa. Sanyi kamar ƙarfe. Jini ya fara ɗiga daga hancinsa, bai ko goge ba.

Na fizge wayar injin daga kwamfutar. Na zare wayar wuta ma.

Injin bai tsaya ba.

Goshinta ya fito.

Bakin Muhyiddeen ya motsa, amma muryar ba tasa ba ce. Ta tsoho ce, busasshiya.

"Na ɗauki uwar. Saura ɗan."

Na yi bisimilla, na cusa yatsu na finciko fim ɗin. Ya ƙone ni. Na fita da gudu na jefa shi a garwashin mai tsire. Ya naɗe, ya narke. A cikin shago wani abu ya daki rufin kwano, har maƙwabta suka fito.

Mun same shi a ƙasa, yana numfashi. Ya yi jinya har bayan girbi. Hannun nan har yau ba ya riƙe fartanya sosai. Kwamfutar ba ta sake kamawa ba.

Ya daina gaishe ni. Bara muka haɗu wajen jana'iza a Ajingi, ya tsaya a gefena, bai dube ni ba.

"Goshinta kaɗai ka bari na gani."

"Irin naka ne," na ce.

Ya ɗaga hannun mai lafiya ya shafa goshinsa. Sannan ya ɗau takalminsa ya tafi.