Abincin Baƙon da Aka Tare wa Hanya

Ranar kasuwar Sabon Birni suka fara haɗuwa. Wani ya yi ihu wai ga 'yan bindiga nan, kasuwa ta watse, Mardiyya ta faɗi gefen wata motar kaya. Direban, Jamaluddeen, ya buɗe mata ƙofa ta ɓuya, har aka gane ƙarya ce. Kafin ta sauka ya tambayi sunanta.

Daga nan saƙonni suka fara, duk sa'ad da aka samu sabis.

"Mardina, na iso garin Isa lafiya. Ki bar kallon hanya."

"Ba ni bari, Jamalu, sai ranar da ka bar bin ta."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Malam Na'Allah, ya ƙi. A hanyar nan aka kashe mijin babbar 'yarsa, Hajo.

"Ba ni ba direba ɗiyata," in ji shi. "Takaba guda ta ishi gidanga."

Ga kuma Shamsu mai shago, wanda ko bayan gari ba ya zuwa, kullum sai ya aiko da gaisuwa, shi ma yana neman aurenta. Da ƙyar Inna, mahaifiyarta, ta shawo kan Malam ya yarda Jamaluddeen ya zo su gana.

Ranar ganawar, da la'asar saƙo ya shigo: "Mun baro Isa, sanyin idona. Tun safe ban ci komi ba, tsoron Baba ya hana ni."

Ta yi murmushi, ta hura wuta. Ta yanka naman shanu siri-siri don ya yi saurin nuna, ta soya shi da albasa da attarugu, ta tsaida ruwa. Tana ɓare ledar indomi sai maƙwabciyarsu Tasalla ta shigo ko sallama babu.

"An tare hanyar Isa. An ce har an shiga daji da mutane."

Mardiyya ta kira lambarsa, ba ta shiga. Ta sake kira. Ruwa na ta tafasa, ita kuwa ta durƙushe gaban murhu, ta kasa ko kuka.

Hajo ta zo ta dafa ta. "Saka indomin. Ba ki san abin da Allah za shi yi ba."

Ta ɓalla ta zuba. Ta juya, ta sauke, ta rufe.

Malam na zaune a zaure da carbi, idonsa a ƙofa. Hajo ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, ko da na san yadda za ta ƙare, shi za ni aure. Kada ka hana Mardiyya don ni."

Malam ya ci gaba da jan carbinsa.

Dab da magariba aka yi sallama, murya a dishe. Jamaluddeen ne, ba takalmi, laka har gwiwa, ƙaya ta yayyage masa riga. Motar ya bari ya faɗa gonar gero, ya yi ta gudu.

Malam ya miƙe ya riƙe kafaɗunsa, ya daɗe yana kallonsa.

"Mardiyya, kawo mai abinci."

Indomin ta huce ta kumbura, mai ya daskare a kan naman. Ya cinye tas, ita kuma tana bayan ƙofa tana share hawaye.

"Tun la'asar nike roƙon Allah shi maido min kai, kamar ɗan cikina," in ji Malam. "Turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure, da hantsi, don mutanen Isa su koma da rana tsaka. Da za a kai amarya, Malam ya ɗora hannu a kanta.

"Allah shi yi muku albarka. Allah shi tsare shi fita da dawowa, shi ba ƙasarmu lafiya."

Hajo ce ta fara cewa amin.