Babur Ɗin da Bai San Suruki Ba

A wani gari an yi wani mutum, Sallau, wanda ko keke bai gama iyawa ba. Ran nan ya je sayen babur, ya nuna wani ja na tsere.

Mai shago ya ce, "Maigida, fara da ƙarami. Wannan ba ya jin rarrashi."

Sallau ya ce, "Ƙarami na yara ne."

Ya hau, ya murɗa, babur ya zabura. Surukinsa kuwa, tsohon malamin makaranta da ake kira Malam, yana zaune a ƙofar gida, kuma ba a wuce shi sai an sauka an durƙusa. Sallau ya lalubi birki, sai ya ƙara wuta.

"Baba, ina wu..." Ya wuce.

Ya zagayo gari. "Baba, ina wu..." Ya sake wucewa.

Malam ya miƙe yana huci. "Yau 'yata za ta dawo gida!"

Jin haka, Sallau ya damƙe abin da hannunsa ya samu. Ashe birki ne. Babur ya tsaya cak, ya wurgo shi gaban Malam a kan gwiwoyinsa.

"Baba, ina wuni?"

Malam ya ce, "Wannan durƙuson na babur ne. Tashi ka yi naka."