Lambar da Ba Kowa a Kanta

Gab da magariba Baban Kwamfuta ya koma ofis, wai ya manta tabarau. Ina tabarau! Kishi ne ya maido shi, Allah ya kyauta.

Shekara goma sha biyu shi ke bin kwamfutocin ofishin ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta wa kowacce jerin sunaye a cikinta: ga sunan na'ura, ga lambarta. Kwatsam aka kawo sabuwar injiniya, sa'ar 'yarsa. Ta kafa na'ura guda, saba suke ce mata, duk kwamfutar da ke neman suna ita za ta tambaya. Manaja har da tafi.

"Baba, ka huta da zagaye," in ji ta, cikin ladabi.

Ladabin ma ƙona shi ya yi. Gobe kuma za a yanke wanda za a bar wa aikin.

Amma ya san abu guda: kwamfuta sai ta duba jerin cikinta kafin ta tambayi kowa. Ya zauna a teburin manaja, ya buɗe jerin cikin kwamfutarsa, ya rubuta sunan na'urar ma'ajiyar takardu, ya haɗa shi da wata lamba da ya tabbata ba kowa a kanta. Gobe aiki ya tsaya, a ce yarinyar ce.

Ya kira sunan don ya gwada. Ko bisimilla bai yi ba.

Aka amsa.

Fanka ta tsaya cak. Ƙaurin gashi ya cika ɗakin. Kujerar da ke bayansa ta yi ƙara, kamar mai nauyi ya zauna.

"Wa ya ce maka ba kowa a nan?"

Raɗa ce, dab da kunnensa, sanyi ƙalau.

"Kuskure ne," ya ce. "Zan goge."

"Bar shi. Naka sunan ya fi daɗi."

Abin da ya rubuta ya share kansa. Gefen lambar, harafin farko na sunansa ya fito.

Na biyu.

Na uku.

Ya fizge wayar wuta, ya yi waje da takalmi ɗaya.

Da safe da bakinsa ya roƙi injiniyar ta goge jerin nan duka.

"Lafiya, Baba?"

"Goge kawai, 'yata."

Ta goge, aikin ya zama nata. Sai dai tun ranar, in matarsa ta ƙwala masa kira daga kicin, sau biyu take jin an amsa.