Kwalin Sukarin Zubair

Tun da Zubair ya dawo Gure daga Yamai, inda ya fara koyon gina shafin intanet, mahaifinsa Malam Ibram bai samu natsuwa ba. Babu ordinatar, wato kwamfuta, a gidan, sai Zubair ya zana maɓallai a jikin kwalin sukari, yana ta bugawa don kada hannunsa ya manta. Ana nan, wani baƙo mai rawani ya fara zuwa bayan isha'i, wai zai koya masa sauran karatun har ƙarshe.

Malam Ibram ya je tasha, ya tambayi direbobin Kelle da na Gidigir. Ba wanda ya taɓa ɗauko mutumin.

Ran Laraba ya kai musu shayi zaure da kansa. Tun daga ƙofa ya ji ƙas-ƙas-ƙas, ƙarar da kwali ba ya yi.

"Malam, wai daga ina kake?" Malam Ibram ya tambayi baƙon.

"Daga inda ake gama karatun, Baba," in ji baƙon, bai ɗago ba. Muryar kamar daga cikin tulu take fitowa. "Gobe Zubair zai biyo ni."

"Zubairu, da wa ka yi shawara?"

"Baba, dubi! Shafina ya buɗe!"

Malam Ibram ya duba. Kwali ne kawai da bangon ƙasa, fitila ma a kashe take. Amma wani shuɗin haske yana rawa a fuskar ɗansa, layi-layi. Ya juya ga baƙon. A cikin rawanin babu fuska, hasken bai samu inda zai sauka ba.