Kabad Ɗin da Yusha'u Ya Kawo Abakpa

An idar da sallar magariba, unguwar Abakpa ta yi tsit don tun la'asar babu wuta. Hansai tana tsakar gida tana kwashe tuwo, mijinta Yusha'u yana zaune a tabarma da kayan ofis a jikinsa, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Suka ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu ya biyo baya. Na uku a cikin tukunyar miya ya sauka, da Yusha'u ya tsamo shi kuwa sanyi ƙalau, kamar daga firji aka ciro shi.

Shekara ashirin da biyu Yusha'u ya yi a wani kamfanin rarraba magunguna, yana kula da babbar kwamfutar da ke ɗakin ƙasa mai sanyi. Shi ke jera mata ayyukan dare: wannan ya tattaro odar rassa, in ya gama wancan ya duba kayan sito, na gaba ya fitar da takardun lodi kafin direbobi su iso da asuba. A cikin jerin akwai wani aiki da Malam Sanda, wanda ya koya masa sana'ar, ya bari kafin ya rasu. Aikin ba ya yin komai, sai dai ya tsayar da injin na minti bakwai daidai faɗuwar rana. Sanda ya taɓa ce masa, "Wannan kada ka taɓa shi," bai kuma ce don me ba.

Da kamfanin ya yanke shawarar mayar da ayyukan kan kwamfutocin haya da ake kaiwa gare su ta intanet, waɗanda 'yan ofis ke kira gajimare, aka ce Yusha'u ya tsince duk abin da ba shi da amfani. Sai ya fara da goge aikin Sanda. Bayan wata biyu ya kashe tsohon injin da hannunsa, aka mayar da ɗakin sito, shi kuma aka bar masa kabad ɗin ƙarfe da ake ajiye faya-fayai, ya ɗauko shi a kan a-kori-kura ya ajiye a zaure.

Tun da kabad ɗin ya shigo gidan, kwana tara ana jifa. Sannan abin ya koma kan Yasmin, 'yarsu mai shekara goma sha shida. Da rana ta faɗi sai ta je gaban kabad ɗin ta zauna, jikinta ya yi sanyi, ta riƙa magana da muryar tsoho: "Na huɗu ya gama, na biyar ya shiga. Na biyar ya gama." Haka za ta bi jerin har asuba, ba ta tsallake ko ɗaya. Yusha'u ya gane jerin ayyukansa na dare ne, kuma bai taɓa faɗa mata su ba. Ta daina cin abinci, ta daina zuwa makaranta.

"Baban Yasmin," in ji Hansai a hankali, "me ka kawo mana gidan nan?"

Washegari Yusha'u ya tafi Kinkinau ya ɗauko Malam Idris, wani dattijo mai ruƙiyya. Malam ya sa aka zaunar da yarinyar a tsakar gida, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi kafin wuyanta ya sanƙare, ta ɗago kai ta kafe ubanta da ido.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mazaunin ɗakin ƙasan kamfanin tun kafin a haƙa harsashinsa. Sanda ya san da mu. Yakan tsayar mana da injin mu fita da iyalina. Uban yarinyar nan ya goge aikin. Ranar farko fanka ta kama ƙaramin ɗana, har yau ba ya taka ƙafar. Da bai ishe shi ba ya kashe mana sanyin, suka cika ɗakin da kwalaye, muka koma cikin kabad ɗin."

"Ban sani ba," in ji Yusha'u. "Aiki aka sa ni."

"An gaya maka kada ka taɓa."

Malam ya ce ko ma mene ne, yarinya ba ta yi masa komai ba, kuma zalunci ba ya zama halal don an zalunce ka. Aljanin ya ce a mayar masa da ɗakinsa. Malam ya ce wannan ba ya hannun kowa a gidan nan. Ya ce to a bar masa ƙafar yarinyar a madadin ta ɗansa. Malam ya ɗaga murya da karatu har jikin Yasmin ya ɗauki rawa, Hansai ta toshe bakinta da mayafi. Can muryar ta yi laushi, ta ce a kai kabad ɗin bakin kogi, gindin duwatsu inda rana ba ta kaiwa, a bar shi a rufe. Malam ya sa shi ya rantse ba zai dawo ba, ya rantse.

Kafin aljanin ya fita ya sake juyowa ga Yusha'u. "Aikin ƙarshe da ka jera musu, wanda ke rufe ƙofar duk wanda aka sallama, ka duba sunayen da suka zuba masa?"

"An yi mini alkawari ina nan a aikina," in ji Yusha'u.

Yarinyar ta yi wata gajeriyar dariya, ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta.

A daren suka kai kabad ɗin kogi. Yasmin ta farka da safe ta sha kunu kofi biyu, ba ta tuna komai ba. Jifa ya tsaya.

Ranar ɗaya ga wata Yusha'u ya isa ofis ƙarfe bakwai da rabi, ya ɗora katinsa na shiga a jikin ƙofa, fitilar ta nuna ja. Ya goge katin da hannun riga ya sake ɗorawa. Maigadi, wanda suka shekara goma sha biyar suna gaisawa, ya matso kansa a sunkuye.

"Yallaɓai, ku bakwai ne aka sallama. An ce tun sha biyun dare abin ya rufe da kansa."

"Sha biyu da minti biyar," in ji Yusha'u. "Ni na sa masa lokacin."

Ya miƙa wa maigadin katin, ya fita titi neman Keke Napep.