Layin Farko a Faifan Abba

Ranar da dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Zaibun, rana ta riga ta faɗa bayan gonakin rake, hayaƙin ƙonar ganye ya kwanta a kan hanyar garin Labasa, an kuma idar da sallar magariba. Shayi yana kan wuta. 'Yarta Rehana ta dawo daga kantin maganin da take aiki, ta zauna gaban kwamfuta kamar yadda ta saba yi kusan wata biyu. Ta danna maɓalli, 'yar durowar ta fito, ta ɗora faifan ta tura. Na'urar ta yi ɗan gurnani, manhajar sauraro ta buɗe da layuka huɗu. Rehana ta kai kibiya kan na farko ta danna.

Muryar mahaifinta ta cika ɗakin.

"Assalamu alaikum mutanen gida, na fili da na ɓoye. Ku matso, akwai wuri." Sai tari, sai ƙarar tabarma. "Zaibun! Rage wutar shayin nan ki zo ki zauna. Kullum sai an yi ta kiranki kamar wata sarauniya."

Zaibun ta rage wutar, ta zo ta zauna. A lokacin ne wani abu ya daki kwano da ƙarfi, ya gangaro a hankali, ya faɗi bakin baranda.

Shamsher Ali manomin rake ne, ba malami ba, amma shekara talatin bai taɓa fashin karatun Alƙur'ani tsakanin magariba da isha ba. A baranda yake shimfiɗa tabarma, ya zauna a gefe guda ya bar gefe guda, ya fara da wannan sallamar tasa. Zaibun ta sha yi masa tsiya a kai. "Na ɓoyen nan naka ko sau ɗaya ba su taɓa kawo mana sukari ba," in ji ta. Shi kuwa sai ya ce maƙwabci maƙwabci ne, ko ana ganinsa ko ba a gani. Da ɗansu Imtiyaz ya zo hutu daga birnin Auckland, can ƙetaren teku, ya naɗi karatun wata yamma don wasa kawai. Bayan shekara ɗaya ciwon ƙirji ya kama Shamsher, Imtiyaz ya ɗauke shi zuwa asibiti can. "Sati biyu ne," Shamsher ya ce wa matarsa a bakin mota, "ki tsaya ki ga an sare rake." Bai dawo ba. Can ya cika, can aka binne shi, Zaibun ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Abin da ya dawo mata shi ne tsohuwar kwamfutar Imtiyaz a cikin kwali, da faifai guda da aka rubuta wa "Abba" da baƙin alƙalami, sunan da 'ya'yansa ke kiransa da shi.

Layuka uku na ƙasa karatu ne, minti talatin da wani abu. Layin farko daƙiƙa arba'in da ɗaya ne kacal, kuma duk duniya nan kaɗai ya rage da Shamsher yake kiran sunanta. Ni da na san gidan, na san ba karatun ne yake kawo ta gaban lasifika ba. Akwai wasu zare-zare masu launi da manhajar ke nunawa, suna tashi suna sauka da murya, Zaibun kan zuba musu ido ta ce numfashinsa ne. Da layin ya ƙare sai ta ce, "Sake mayar da shi, Rehana." Har yarinyar ta gano maɓallin maimaici, ta riƙa barin sa yana zagayawa sau biyar, sau goma, kafin a wuce zuwa karatu.

Washegari duwatsu uku suka faɗo. Maƙwabciyarsu Kamla ta leƙo ta kan shinge ta ce mangwaro ne.

"Mangwaro a watan Yuli?" in ji Zaibun. "Ke dai in ba ki da abin faɗa ki kawo mini gishirina da kika ara."

Suka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Duwatsun na rafi ne, masu santsi, jiƙaƙƙu, kuma da ɗumi kamar yanzu aka sake su daga tafin hannu. Ba wanda ya lura cewa ba sa faɗowa da rana, ba sa faɗowa bayan isha, sai a ɗan tsakanin nan da faifan yake juyawa.

A yamma ta shida, da muryar ta yi sallama, wani ya amsa. Ƙasa-ƙasa, daga baranda, daga gefen da Shamsher yake bari babu kowa. Uwa da 'ya suka kalli juna. Kwaɗi sun yi shiru a lambatu, ko karen Kamla bai yi haushi ba. Duk wata mai hankali da a nan ta naɗe faifan ta sa a akwati, amma mai kewa ba ta cika shawara da hankali ba. Zaibun ta ce iska ce ke kaɗa ganyen ayaba.

A ta bakwai, Rehana ta danna layin farko, hannunta ya ƙi sakin linzamin kwamfutar. Yatsun suka ƙage. Ta miƙe a hankali kamar mai ciwon gwiwa, ta fita baranda, ta zauna a ƙasa daidai wurin nan, ta sunkuyar da kai.

"Rehana? Ke Rehana, tashi mana, sanyi."

Yarinyar ta ɗago. Idanun nata ne, kallon ba nata ba ne. Da wata tsohuwar murya mai kaushi ta ce, "Ina kuka kai shi?"

Kwana tara aka yi a haka. Da rana tana kwance kamar tsumma, ba ci ba magana, hannun dama a dunƙule. Likita ya auna duk abin da ake aunawa ya ce bai ga komai ba. Da magariba ta yi sai ta ja jiki zuwa gaban kwamfuta, ta kunna faifan da wannan dunƙulallen hannu, ta fita baranda ta zauna tana jira. In aka cire wayar wutar kwamfutar daga bango, sai ta yi ta buga kanta da ƙasa har a mayar. Awarwaron hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Zaibun ta ga 'yarta tana ƙarewa a gabanta, sai ta aika a kira Maulana Hanif.

Maulana tsoho ne, abokin Shamsher tun suna yara, tare suka yi satar rake a gonar mutane. Ya iso bayan la'asar a tsohuwar motarsa, ya sha shayi, ya sa aka ba shi labari daga farko. Da ya ji maganar faifan sai ya ajiye kofin shayin.

"Bhabi," ya ce, don haka yake kiranta, matar ɗan'uwa, "sau nawa kike sa shi yana yin sallamar nan a yamma ɗaya?"

Ta sunkuyar da kai.

Da aka yi magariba ya sa aka shimfiɗa tabarmar Shamsher, ya zauna a wurin mai gidan da kofin ruwa a gabansa. Faifan ya juya a ɗaki, sallama ta fito, Rehana ta zo ta zauna. Maulana ya fara karatu, a hankali, ba tsawa. Duwatsu suka yi ta sauka a kan kwano kamar ruwan farko, sannan suka tsaya cak. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa.

"Daina ƙona ni, Hanif," in ji muryar. "Ni ma musulmi ne. A wannan tabarmar na koyi Fatiha."

"Wane ne kai?"

"Mai gidan nan maƙwabci yake ce mini. A gindin mangwaron bakin rafi nake tun kafin a dasa rake a ƙasar nan."

"To maƙwabci ne yake jifan gidan marayu? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Hannunta ne yake buɗe bakinsa, hannunta ne yake rufewa. Na gani." Muryar ta karye. "Shekara talatin yana kirana ina zuwa. Sai ya yi shiru wata huɗu, na ce ko tafiya ya yi. Sai ga shi ya dawo yana kira. In na zo, wurinsa babu kowa. In na amsa, sai ya sake yin sallama kamar bai ji ba. Tari ɗaya a wuri ɗaya, sura ɗaya kullum, mutumin da yake sauke Alƙur'ani duk wata biyu. Kun kulle shi a cikin akwatin nan. Ku fito da shi in fita daga 'yarku."

Maulana ya ture kofin ruwan gefe. Ya zo da shirin faɗa da mugu, sai ya tarar da mai makoki wanda ba a yi wa sanarwa ba. Ya cire tabarau ya goge ido.

"Maƙwabci, Shamsher ya rasu. Wata shida ke nan."

"Ƙarya kake! Ban ga an fito da makara daga gidan nan ba. Ban ga an haƙa rami ba."

"Ni ma ban gani ba."

Zaibun ce ta faɗa daga bakin ƙofa. Ta matso ta durƙusa a gaban 'yarta, gaban abin da ke cikin 'yarta. "Wallahi ni ma ban gani ba. Sati biyu ya ce mini. Can bayan teku ya mutu, a hannun ɗansa, can suka rufe shi. Wannan da kake ji ba shi ba ne, sawun muryarsa ne kawai a kan faifai. Na sani. Kullum na sani, ina dai kunnawa ne."

Abin da ya fito daga bakin Rehana a lokacin ba ihu ba ne. Kuka ne, irin na tsoho, mai fita da ƙyar. Zaibun ta rungume ta suka yi ta yi tare, Maulana ya juya musu baya yana kallon gonar rake, kafaɗunsa suna motsi. Kamla da ke tsaye bayan shinge ta ce ba ta taɓa jin yamma mai nauyin wannan ba.

"Zan tafi," in ji muryar daga baya. "Amma ku ji. In ya kira, sai na zo, ba a son raina ba, alkawari ne tsakanina da shi. Kuma ba ni da ƙofa a gidan nan sai yarinyar. Karatun ku yi ta saurare, ba ruwana. Kiran ne kada in sake ji."

Maulana ya dubi Zaibun. Ya san abin da ke cikin layin farko, ita ma ta san ya sani.

"Ba za a iya yanke sallamar a bar sauran ba?" ya tambaya a hankali.

"Ana cikin kiran nata nake zama," in ji muryar. "Da ita da ni numfashi ɗaya ya kira mu. In na ji rabinsa, na ji duka."

Zaibun ta kalli wuyan hannun 'yarta, yadda ya koma kamar sillen kara. Ba ta daɗe ba.

"Na yarda. Amma a kunna mana sau ɗaya, ni da kai."

Ita da kanta ta shiga ta kama linzamin, abin da ba ta taɓa yi ba. Kibiyar ta yi ta yawo a fuskar kwamfuta kafin ta samu layin. Shamsher ya yi sallama. Daga baranda tsohuwar murya ta amsa masa cikakkiyar amsa, har da rahama da albarka. Shamsher ya yi tari. Ya kira Zaibun, ya ce mata sarauniya. "Ga ni nan," ta ce. Daƙiƙa arba'in da ɗaya suka cika, ta kashe maɓallin maimaici.

"Ina kabarin yake?" in ji muryar.

Maulana ya faɗa masa sunan garin, ya ce akwai nisa, teku ne tsakani.

"Ruwa ba ya tare mu. Zan je in yi masa sallama, ni ma sau ɗaya in riga shi."

"In ka je," Zaibun ta ce, "ka ce masa an sare raken."

Dunƙulallen hannun Rehana ya buɗe. Wani ɗan dutsen rafi ya faɗo daga ciki ya gangara kan tabarma. Ganyen mangwaron bakin rafi ya kaɗa sau ɗaya alhali babu iska, kwaɗi suka ci gaba da kukansu. Yarinyar ta buɗe ido ta dubi uwarta ta ce, "Ammi, yunwa nake ji."

Tun daga ranar dutse bai sake faɗowa a gidan ba. Rehana ta murmure ta koma aiki. Imtiyaz ya ce zai aiko da sabon faifai wanda babu layin farko a ciki, don kada a yi kuskure, Zaibun ta ce ya bar mata kayanta yadda suke. Yanzu ita take kunnawa. In an idar da magariba sai ta tura 'yar durowar, layuka huɗu su fito, ta kai kibiya kan na farko ta bar ta a nan ɗan lokaci. Sannan ta sauko da ita kan na biyu ta danna. Kafin ya fara Bismillah takan tashi ta leƙa kicin ta rage wutar shayi, ta dawo ta zauna, ba tare da kowa ya kira ta ba.