Ruwan Da Bai Kai Idon Sawu Ba

"Mas'udu... don Allah ka bar kallona haka!"



Yana tsaye a bakin fangalin shinkafarsa a gonakin Bakolori, idanunsa a kan Kausar amma ba ita suke gani ba. Bakinsa na motsi kamar mai tauna. Yanzun nan fa yake tsokanarta, wai amaryar manomi ba ta gudun taɓo.

"Masoyi... kai ka ce in taho, akwai maganar da za ka hwaɗa mani kahin biki. Mi ya same ka?"



 Kausar ta san wannan kallon. A babi na tara ta gan shi.

Mako biyu ke nan da Taibatu, 'yar ƙanin babanta, ta turo mata wani littafi a waya. Taibatu a Bakura ta tashi, katanga ɗaya da gidan su Mas'udu, kuma kowa ya san ta daɗe tana sonsa, ban da Kausar, wadda Allah ya yi da yarda da mutane.

"Karanta ki gani, 'yar uwa. Ni dai na ce Allah shi tsare mu."

Labarin wani aljanin ruwa ne da ya shiga jikin saurayi. Da farko kallo ne ke kafewa, sai taunar baki, sai faɗuwa da kumfa. Duk wadda ta taɓa shi a wannan hali, aljanin kanta zai koma. Budurwar cikin littafin ta taɓa, ta ƙare a ɗaure da mari tana magana da muryar namiji. Kausar ta karanta shi sau biyu. Tun daga nan ko randar gidansu ba ta leƙawa sai da bisimilla uku.

Ga kuma Mama can gida Mafara, da ta riga ta kafe a kan ba ta son auren.

"An ce gidansu akwai iska, Kausar. Ni ban son ki kai mani kanki."

"Mama, ƙarya ta! Hassada ta kawai!"

Da baki ta kare shi. Zuciya kuwa ta riga ta sha littafi ta ƙoshi.

Mas'udu ya saki wata ƙara da ba ta taɓa jin irinta ba. Jikinsa ya sandare, ya kife rub-da-ciki cikin ruwan fangalin, ƙafafunsa suna bugun taɓo.

"Innalillahi! Mas'uduna!"

Ta yi taku ɗaya. Ta miƙa hannu, har yatsunta sun kusa wuyan rigarsa.

Sai ta ga kumfa a kan ruwan.

Duk wadda ta taɓa shi...

Kausar ta janye hannunta. Ta juya ta zuba a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, tana ihun a kawo agaji. Masu cirar albasa suna can nesa, kusa da titi. Kafin su fahimci abin da take faɗa, kafin su iso, ƙafafun sun daina motsi.

Ranar uku ta je gaisuwa Bakura. Inna Baraka, mahaifiyarsa, ta kama hannunta ta ja ta ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Ya haƙuri, ɗiyata?"

"Haƙuri sai ma'aiki, Inna..."

Tsohuwar ta buɗe wani ƙyalle. Ƙwayoyin asibiti ne farare.

"Farfaɗiya ta. Tun shina shekara bakwai. Mun ɓoye don kada a guje shi, mu munka yi kuskure. Ba ta daɗewa, juya shi kawai aka yi bisa gehe, sai ta sake shi."



"Ranar ya ce mani, Inna, yau zan hwaɗa mata, ke kuma ki koya mata yadda aka juya ni. Murna shikai."

Ta buɗe tafukanta biyu a gaban Kausar.

"Shekara ashirin ina taɓa shi. Dubi, mi ya kama ni?"

A zaure Taibatu ta tare ta, idanu jawur.

"Wallahi so nike ki rabu da shi kawai... ban san haka za ta zama ba!"

Kausar ta wuce ta. Ba ta da sauran fushin da za ta ba wani, duka ta riga ta ɗora wa kanta.

Ta goge littafin daga wayarta. Aljanin bai ƙara zuwa mata a mafarki ba ko sau ɗaya. Wuyan rigar nan ne ke zuwa, da yatsunta a kusa da shi.

Ranar arba'in, da hantsi, ta sauka daga mota a bakin gonakin. Shinkafar ta yi kore shar, ba ruwanta da wanda ya shuka ta. Kausar ta tsaya daidai wurin, ta cire takalmi, ta sa ƙafa a cikin fangalin.

Ta sunkuya ta duba.

Ruwan bai kai idon sawunta ba.